Yaron Da Ya Ce "Ni Ba Na Iyawa"

Darasinmu na wannan wata domin iyaye ne da malamai, da dukan wanda ya ke da yaro ko yarinya mai shekara 11 zuwa 14 a gidansa. Muna roƙo a karanta shi a hankali. In ya yiwu a karanta tare, miji da mata, ko kuwa a taron malamai.

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin yaran nan, mu kan bar ta ta wuce kamar ba kome ba ce. Yaro ya komo daga makaranta da takardar jarrabawa, an ba shi 3 bisa 20 a lissafi. Aka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ni ba na iyawa." Ku lura da maganar. Bai ce "ban gane wannan darasi ba," bai kuwa ce "ban iya ba tukuna." Ya yanke wa kansa hukunci ne gaba ɗaya. Yaron da ya yi haka ya kan daina ɗaga hannu a aji. Daga nan ya koma bencin baya, daga nan a fara ganinsa a tasha ko a bakin kasuwa lokacin karatu. Yarinya kuwa, da sakamakonta ya lalace sau biyu ko uku, sai a ji uba yana cewa kuɗin makarantar nan asara ne, gara a yi mata aure. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce. Abin da mu ke so mu bincika shi ne, ina yaro ya ke samo wannan hukunci, ta ƙaƙa kuma za a koya masa sa zuciya a maimakonsa.

Daga Midil zuwa ƙaramar sakandare

Tsofaffinmu sun san makarantar Midil. Wajen 1930 aka sake tsarin makarantun gwamnati a Nijeriya ta Arewa, makarantun lardi suka zama Midil. Yaro ya kan yi shekara 4 a elementare kusa da gida. In ya ci jarrabawa sai a kai shi babban garin lardi, can zai kwana, can zai ci, ya shiga karatu da Turanci. Ta samari ce, kaɗan ne kuma su ke samun shiga. Manyan mutane sun riƙe alli a cikinta. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauci har ya zama shugabanta, Malam Aminu Kano kuma ya koyar a can cikin shekarun 1940. Abubakar Imam yana malami a ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933. Cikin shekarun 1950 aka sake tsari, sunan Midil ya ɓace.

Sunan ne ya ɓace, amma matakin yana nan. Tun 1982 a ke da ƙaramar sakandare ta shekara 3 a Nijeriya, dokar 2004 kuma ta sa ta cikin shekara 9 na karatun da ya wajaba kowane yaro ya samu. Yanzu ƙofa a buɗe ta ke ga maza da mata, abin murna ne. Amma wahalar da yaron Midil ya sha ran da ya sauka da akwatinsa, irinta yaron yau ya ke sha, ko da a gida ya ke kwana.

A firamare malami ɗaya ne ya kan riƙe aji. Ya san sunan yaro, wataƙila ya san uwarsa a kasuwa. A aji ɗaya na sakandare kuwa, ƙararrawa na bugawa wani malami ya fita, wani ya shigo, kowa da darasinsa da halinsa. Mun ga azuzuwan da yara suka haura 80, malami bai iya riƙe sunan ko rabinsu ba. Dukan karatu da Turanci ne, alhali da yawa cikin yaran ba su iya karanta shafi guda su faɗi abin da ke ciki ba. A daidai wannan lokaci kuma jiki ya ke sakewa. Muryar yaro ta fashe, yarinya ta fara jin nauyin tsayawa gaban maza. Dariyar 'yan aji, wadda dā ba ta dame su ba, yanzu ta fi bulala zafi. Ba a ƙasarmu kaɗai a ke ganin haka ba. Wata masaniya, Jacquelynne Eccles, da abokan aikinta sun bi yara a jihar Mishigan ta Amurka cikin shekarun 1980, suka tarar amincewar yara da kansu a wajen lissafi ta kan ragu bayan sun ƙetare daga firamare zuwa wannan mataki.

Abin da aka koya daga karnuka

Kada wani ya yi fushi, ba cewa mu ke yi 'ya'yanmu karnuka ne ba. Amma daga wurinsu aka fara gane wannan al'amari, tilas mu ba da labarin.

A 1967, a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, waɗansu samari masu bincike su biyu, Martin Seligman da Steven Maier, suka yi wani gwaji. Suka ɗaure karnuka, suna sa musu wutar lantarki mai zafi amma marar kisa. Waɗansu karnukan an ba su wani allo kusa da kai, in sun tura shi wutar ta tsaya. Waɗansu kuwa, kome suka yi wutar ba ta tsayawa sai lokacinta ya cika. Zafin da kashi biyun suka sha daidai ne. Kashegari aka sa su cikin wani akwati mai ɗaki biyu, da ɗan shinge gajere a tsakiya. Kare ya tsallake shingen, ya tsira. Waɗanda suka saba tsai da wuta da kansu suka koyi tsallakewa nan da nan. Amma yawancin ɗaya kashin suka yi 'yar guje-guje, sa'an nan suka kwanta suna kuka, wuta tana cinsu, ga hanya a buɗe gabansu. Mu kam ba mu yaba irin wannan gwaji ba, gama akwai mugunta a ciki. Amma tun da an riga an yi, sai mu ɗauki abin da ya nuna.

Yanzu ga wurin da ya fi amfani gare mu. Masu binciken suka so su warkar da karnukan da suka kwanta. Suka cire shingen, ba su tashi ba. Suka kira su, ba su tashi ba. Suka ajiye nama a ɗaya ɗakin, duk da haka ba su tashi ba. Sai da aka sa musu igiya ana jansu zuwa wancan gefe, sau da yawa, har kowane ya ji a jikinsa cewa motsi yana kawo sauƙi, kāna suka fara tafiya da kansu. Gani ya kori ji.

Dā masanan nan sun ce karnukan sun koyi fid da zuciya ne. Bayan shekara kusan 50, a 2016, su biyun suka sake rubutu suka gyara maganarsu, bisa ga abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa. Suka ce kwanciya cikin wahala mai tsawo ba koyonta a ke yi ba, haka halitta ta ke yi da kanta. Abin da a ke koyo shi ne sanin cewa abin da na yi yana iya sake abin da zai same ni. Watau sa zuciya ce a ke koya. In haka ne, aikin malami da na iyaye ke nan, kamar yadda koyar da karatu da rubutu aikinsu ne.

Mutum ya bambanta da dabba, gama shi ya kan ba kansa dalili. A 1978 Seligman da waɗansu abokan aikinsa biyu suka nuna cewa dalilin da mutum ya ba kansa shi ne ya kan sa ya tashi ko ya kwanta. Bari mu ɗauki yara biyu da suka faɗi jarrabawa ɗaya. Na fari ya ce, "Ni daƙiƙi ne, haka aka halicce ni, ba abin da zan iya a duniya." Ya sa laifin a halittarsa, ya mai da shi na har abada, ya kuma shimfiɗa shi bisa dukan rayuwarsa. Na biyu ya ce, "Rabawa mai tsawo ce ta kayar da ni, ban sami mai nuna mini ba makon da na yi zazzaɓi." Shi ma ya yarda ya faɗi. Bai ce malami ya ƙi shi ba, bai ce an yi masa sammu ba. Amma ya ɗaure faɗuwar a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, inda hannu zai iya kaiwa gare ta. Wannan shi ne mai sa zuciya. Daga ina na farin ya sami kalmar daƙiƙi? Ba da ita aka haife shi ba. A bakin wani babba ya ji ta.

Nasara kaɗai ba ta isa ba, yabo kuma yana da haɗari

Wani zai ce, to, sai mu riƙa ba yaro aiki mai sauƙi, ya yi ta ci, zuciyarsa ta yi ƙarfi. An gwada wannan. A 1975 wata masaniya, Carol Dweck, ta zaɓi yara 12 waɗanda da sun yi kuskure ɗaya sai aikinsu duka ya watse. Ta raba su biyu, aka yi kwana 25 ana ba su lissafi. Kashi na fari kullum abin da za su iya a ke ba su. Kashi na biyu kuwa, da gangan a kan sa su kāsa sau biyu ko uku kowace rana, sa'an nan a gaya musu cewa da sun ƙara ƙoƙari da sun kai. A ƙarshe aka gwada su duka da aiki mai wuya. 'Yan kashi na fari suka watse kamar dā. 'Yan kashi na biyu suka jure, waɗansu ma aikinsu ya ƙaru bayan kuskure. Yara 12 ba su da yawa, kada mu gina soro a kansu. Amma kowane manomi ya san dashen da bai taɓa shan rana ba, ran da aka fitar da shi fili ya kan yi yaushi.

Maganar yabo ta fi ba mu mamaki. A 1998 Dweck da Claudia Mueller suka ba yara 'yan aji biyar na firamare wani aiki, kowa ya yi kyau. Aka ce wa waɗansu, lalle kana da basira. Aka ce wa waɗansu, lalle ka yi aiki sosai. Sa'an nan aka ba su duka aiki mai wuya ƙwarai, suka kāsa. Da aka komo kan mai sauƙi, waɗanda aka yaba wa basira suka yi kasa da yadda suka yi da fari, waɗanda aka yaba wa aiki kuwa suka fi dā. Har wa yau, da aka ce su rubuta wa waɗansu yara makin da suka samu, kusan 4 cikin 10 na masu basirar suka ƙara a kan gaskiya. Dalili a fili ya ke. Yaron da aka ce masa haziƙi ne yana da suna da zai tsare. In ya kāsa, ashe ba haziƙi ba ne ke nan, saboda haka gara ya guje wa abu mai wuya, ko ya ɓoye. "Haziƙi" da "daƙiƙi" wa da ƙane ne, gama dukansu suna gaya wa yaro cewa an riga an gama da shi.

Sai mu faɗi gaskiya a kan iyakar wannan ilimi, domin waɗansu sun mai da shi kamar maganin kowace cuta. A 2019 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka, da yara fiye da 12,000 a makarantu 65. An yi musu darasin da bai kai sa'a guda ba, a kan cewa ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa da aiki. Yaran da ke baya a karatu sun ɗan ƙaru, amma ƙaruwar kaɗan ce. A shekarar nan kuma wani gwaji a makarantun firamare wajen 100 a Ingila bai sami bambanci ba. Mu a ganinmu wannan ya komo da mu ga karnukan nan ne. Kira daga nesa ba ya ta da wanda ya kwanta. Malamin da ya rubuta "Za ka iya" a bangon aji, ya ci gaba da koyarwa yadda yaro ba ya ganewa, bai yi kome ba tukuna.

A cikin aji

Wata rana mun zauna a bayan wani aji muna kallo. Malama ta rubuta a allo, rabi a tara da sulusi. Ta kira wani yaro daga bencin baya. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2 bisa 5. Aji ya fara dariya. Mun zaci bulala ce za ta biyo, ko kuwa a ce ya koma ya zauna a kira mai ƙoƙari. Malamar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Wa ya sami 2 bisa 5 a littafinsa? Ku ɗaga hannu, ba duka." Hannuwa suka tashi da yawa, dariya ta mutu. Sa'an nan ta ce wa yaron, "Ɗana, in mamarka tana da rabin mudu na gero, maƙwabciya ta ƙara mata sulusin mudu, geron zai fi rabi ko zai kāsa?" Ya ce, "Zai fi, Malama." Ta ce, "To, 2 bisa 5 ya kai rabi?" Ya yi shiru, ya duba, ya ce bai kai ba. Ta zana mudu, ta raba shi gida 6, ta ba shi alli. Shi da kansa ya ƙirga gida 3, ya ƙara gida 2, ya rubuta 5 bisa 6. Ba ta ce masa haziƙi ba. Cewa ta yi, "Tarawarka daidai ce tun fari. Abu ɗaya ya rage maka, ka mai da gidajen su zama iri ɗaya. Ga wani, yi mu gani." Ya yi, ya ci.

Dukan abin bai wuce minti 10 ba. Ta nuna masa ba shi kaɗai ba ne. Ta rage girman kuskuren daga "ban iya lissafi ba" zuwa mataki ɗaya mai suna. Ta kuma bar allin a hannunsa, har ya ga da idonsa cewa gyaran daga gare shi ya fito. Wannan ita ce igiyar da a ke jan yaro da ita zuwa ɗaya ɗakin.

Mun san amsar da malamai za su ba mu: yara 80, manhaja mai tsawo, ga mai duba makarantu yana tafe. Gaskiya ne. Amma manhajar da aka gama alhali rabin aji ba su iya karatu ba, a takarda kaɗai aka gama ta. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da wata hanya mai sauƙi. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko haruffa ya sani, ko kalmomi, ko yana iya karanta labari. Sa'an nan a keɓe wani lokaci kowace rana a tara yara bisa ga inda suka tsaya, ba bisa ga ajinsu ba. An auna hanyar sau da dama, an ga tana aiki, ta kuwa iso ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Yaron da ya shekara 6 yana kallon allo kamar bango, ran da ya karanta layi guda da kansa ba ya bukatar a yi masa jawabi a kan sa zuciya.

Akwai wata al'ada da mu ke so a sake dubawa, watau kiran matsayi ran hutu, daga na ɗaya har na ƙarshe, a gaban kowa. Kome ƙoƙarin aji, tilas wani ya zama na ƙarshe. Yaron da ya tashi daga maki 20 zuwa 45 ya yi aikin da ya fi na wanda ya zauna a 80, amma in duk aji sun motsa, lambarsa ba za ta nuna ba. Abin da zai koya shi ne, na yi ƙoƙari, ba abin da ya sake. Wannan kuwa shi ne ainihin darasin da aka koya wa karnukan da suka kwanta. Ba mu ce a daina gwada yara ba. A rubuta makin wancan zango kusa da na wannan, yaro ya yi tsere da kansa. Bulala saboda amsar da ba daidai ba kuma, ba mu ga abin da ta ke koyarwa ba sai ɓoye littafi da kwafar aikin maƙwabci.

A gida

Ku iyaye, ko ba ku yi makaranta mai zurfi ba, rabin aikin nan naku ne. Ran da katin sakamako ya zo, kada tambayar fari ta zama "Na nawa ka zo?" Ku zauna da shi, ku ce, "Nuna mini inda ya yi maka wuya." In ya ce duka, kada ku yarda, gama ba safai ya kan zama duka ba. Ku bi darasi ɗaya ɗaya har ku sami wurin. Sa'an nan ku nemi wanda zai nuna masa, ko yayansa, ko ɗan maƙwabta da ke aji na gaba, ko malamin makarantar Lahadi da ya san lissafi. Ku yi hankali da gwada shi da ƙanensa a gaban baƙi. Ku yi hankali kuma da cewa, "Mu gidanmu ba mu da kan boko." Uwa ta kan faɗi haka domin ta sanyaya wa 'yarta zuciya, ba ta sani ba ta rufe mata ƙofa ne.

Kafin a ce yaro ya fid da zuciya, a duba ko wani abu ne dabam. Wanda ya fita ba karin kumallo, wanda ba ya ganin allo daga baya domin idonsa yana bukatar tabarau, yarinyar da ta yi talla har dare ko ta rasa abin da za ta tsare kanta da shi lokacin al'ada, waɗannan ba magana mai daɗi su ke bukata ba. In kuwa yaro ya daina cin abinci, ya daina wasa da abokai, ya yi makonni cikin baƙin ciki, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ya wuce maganar aji. A kai shi asibiti, kada a jira.

Ga aikin da mu ke ba kowane mai karatu kafin fitowa ta gaba. Ka zaɓi yaro ɗaya, naka ko na ajinka, wanda ka taɓa ji ya ce ba ya iyawa. Ka nemi abu guda ƙarami da ya kāsa, ka zauna da shi minti 15 kowace rana har mako 2, fensir yana hannunsa, ba naka ba. Ka ajiye takardar ranar fari. Ran ƙarshe ka shimfiɗa ta kusa da sabuwar, ka tambaye shi abin da ya gani, ka yi shiru har ya amsa.